Larabci ko Faransanci a Legon?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta sami gurbin karatu a Jami'ar Gana da ke Legon, tana so ta haɗa kimiyyar harshe da wani harshen waje, amma ta rasa wanda za ta ɗauka tsakanin Larabci da Faransanci. Mahaifinmu ya fi karkata ga Larabci, domin ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙarama. Ina neman shawararku.

Hajiyar Madina: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni dai Faransanci zan ce, tunda da shi ake aiki a ofisoshin Togo da Burkina Faso da Kwadibuwa, maƙwabtanmu uku. Na sha tsayawa a kan iyakar Aflao, tsakanin Gana da Togo, da dilolin atamfata, rana tana dukana, ina jiran wanda zai karanta mini takarda guda.

Malamin Mamobi: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai kada a raina kimiyyar harshen kanta. A can za ta koyi cewa Hausa da Larabci dangi ɗaya ne, kuma ta gane dalilin da ya sa tsawon wasali ke raba garin da muke zaune da garin tuwo. A bar yarinyar ta zaɓa da kanta.