Tiyon lagireto ya fashe a gosulo, ba filaya ba sufana: yaya ake yi?

Mai Corolla, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman kanikawa da tsofaffin direbobi. Motata Corolla ce ta 2005, kusan kullum ina bin gadar Third Mainland zuwa Idumota. Tiyon sama na lagireto ya fara kumbura kusa da kilif, kuma sai ƙarshen mako zan samu shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo in sayo sabo. In ya fashe a tsakiyar gosulo, ba ni da komai sai jak da sufanar taya, me zan yi in kai ta gareji ban ƙona injin ba? Sannan da gaske ne ana fasa ɗanyen ƙwai a lagireto ya toshe yoyo?

Bakanike, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka jira ƙarshen mako. Tiyon da ya kumbura zaren cikinsa ya riga ya tsinke, robar waje kawai ke riƙe da shi. Amma ga abin yi in ta faru.

Da ka ga allurar zafi ta haura ko tururi na fita ta bonet, gangara gefe ka kashe injin nan take. Kada ka ce bari in lallaɓa in sauka gada. Tsawonta kilomita 11.8 ne, kan silindar motarka kuma alminiyam ne, 'yan mintuna ba ruwa sun isa su lanƙwasa shi.

Kada ka taɓa murfin lagireto da zafi. Duba samansa, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, shi ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ka buɗe a lokacin, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya watso maka a fuska da hannu. Ba shi rabin awa. Sa tsumma ka matsa tiyon sama, in har da tauri kamar tayar keke, da sauran matsi, ƙara jira.

In fashewar kusa da baki take, irin wurin da ka ce, aikin da sauƙi. Yanke ɓangaren da ya lalace da reza ko wuƙa, ka mayar da tiyon kan bakin lagireto ka ɗaure. Kada yankan ya wuce faɗin yatsu biyu, in ya gajarta zai riƙa ja duk lokacin da injin ya girgiza har ya tsaga bakin robar lagireton. Kilif mai noti yana kwancewa da bakin wuƙa ko makullin gida. Na asali na Toyota mai sifirin ne, sai filaya, ka ara wajen direban danfo ko na tirela.

In a tsakiya ne, nemi robar tiyub, irin wadda masu kaya ke ɗaure buhu da ita. Goge tiyon ya bushe sarai. Yanki robar faɗin yatsu biyu, tsawon kamu biyu. Fara naɗi yatsu uku kafin tsagar, kana ja da ƙarfi, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, ka wuce tsagar da yatsu uku, ka dawo sau ɗaya. Ɗaure kai da gindi da waya. Baƙin salatif shi kaɗai ba ya yi, zafi na narkar da gam ɗinsa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne murfi. Kada ka murɗa shi har ƙarshe, tsaya a maƙalin farko. Ba matsi, ɗaurin zai riƙe. Sai dai ruwan zai tafasa a digiri 100 kuma zai riƙa raguwa, don haka kashe AC, idonka na kan allura, ka tsaya ka duba bayan kowane kilomita biyar.

Motarka na ɗaukar ruwa kusan lita 6 da rabi, ruwan leda 13 ke nan in ta zubar duka. Zuba a hankali bayan injin ya huce, kana matsa tiyon don iska ta fita. Ruwan lagun da ke ƙarƙashin gadar kuwa ko kyauta aka ɗebo maka kada ka zuba, gishirinsa na cin alminiyam.

Mai wayarin, Mile 12:
Oga ya gama da tiyo, ni zan ƙara a kan fanka, don sau da yawa ita ce ke jawo fashewar. Motar da ke zafi a gosulo amma ta huce da an samu hanya, fankarta ce ba ta juyawa. Kunna AC kana tsaye, ya kamata fanka ta tashi. In ba ta tashi ba, buɗe akwatin fis na cikin bonet, zanen da ke bayan murfinsa zai nuna maka fis da rile (ɗan akwatin da ke sakar mata wuta) na fanka. In rilen fanka da na hon iri ɗaya ne, ƙafafu da lamba, musanya su. Fis kuma a ɗauko mai lamba ɗaya daga abin da ba a buƙata a lokacin. Don Allah kada a naɗe fis da takardar gwangwani ko a cusa waya a madadinsa. Fis ya ƙone ne don wani abu na jan wuta fiye da kima, in ka hana shi ƙonewa wayar ce za ta ƙone, kuma kusa da fetur take.

A tsofaffin Toyota masu suwic ɗin fanka a ƙasan lagireto, irin Camry ta 1997 zuwa 2001, cire soket ɗin suwic ɗin kawai yana sa fanka ta yi ta juyawa muddin makulli yana a kunne. Ba a buƙatar ko sukudireba.

In hitar motarka na aiki, kunna ta har ƙarshe ka sauke gilasai. Ƙaramin lagireto ce, tana rage zafi. Za ka sha gumi, amma gara haka da biyan kuɗin gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin injin.

Tsohon direban tirela, Apapa:
Maganar ƙwai, ɗana, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ba taka ba ce. Farin ƙwai na dahuwa ya toshe huda ƙarama kamar ta allura a jikin lagireto. Ba ya toshe tsagar tiyo, ba ya toshe tsagar tankin roba na sama. Kuma bai san inda huda take ba, yadda ya toshe ta haka yake toshe siraran bututun lagireto da na hita. Haka garin barkono, haka garin rogo. Mota ta isa gida, bayan sati biyu ta fara zafin da ba a gane dalilinsa. In bututu ɗaya ne dutse ya huda, gara a matse shi da filaya sama da ƙasan hudar, lagireto na aiki ko ya rasa bututu ɗaya ko biyu.

Ka kula da fanbel ma. A Corolla irin taka bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa. In ya tsinke fitilar batir za ta kama, allurar zafi ta biyo baya, ba tafiya. Dabarar ɗaura igiya ko safar mata ta tsofaffin motoci ce masu bel mai kwari ɗaya, a bel mai layi-layi zamewa take. Ajiye tsohon bel a but ya fi.

A kan gada kuma ranka ne gaba da mota. Kunna fitilun haɗari, ajiye alamar nan mai kusurwa uku taku hamsin a baya, ku tsaya ta gefen shinge, ba ta gefen motoci ba. In dare ne kada ka tsaya naɗin roba, kira 767 ko 112, lambobin gaggawa na jihar Legas.

Mai Corolla, Agege:
Allah ya saka da alheri. Gobe da sassafe zan canja tiyon. Saura ɗaya, yallaɓai, ta yaya zan gane zafin ya riga ya taɓa injin?

Bakanike, Idi-Araba:
Amin. Bayan ta huce ka cika ruwa, bar murfin a buɗe ka tayar. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, ko ruwa na tsalle daga bakin lagireto, gasket ya tafi. Zaro sandar baƙin mai, in ya koma kalar shayi mai madara ruwa ya shiga. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, shi ma haka. Ɗaya daga cikin ukun nan ka gani, kashe ta a jawo ta. In za ka sayi tiyon, haɗa da na ƙasa da kilif huɗu masu noti, shekarunsu ɗaya da na saman.