Nawa akitek ke karɓa a kan zanen gida a Lekki? Ko dai yanka na za a yi?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min. Yayana ya sayi fuloti a Lekki Phase 1 a nan Legas, shi yana Dubai yawancin lokaci, sai ya ɗora min nauyin komai. Gida yake so bene hawa ɗaya, ɗakuna biyar, da falon baƙi daban mai ƙofarsa ta waje yadda baƙi maza ba sai sun ratsa cikin iyali ba, sai ɗan ɗakin sallah da bikiyu (ɗakunan masu aiki) a baya. Na je wurin wani akitek a Victoria Island, ofis mai sanyi har da shayi aka kawo min, da ya faɗi kuɗi wallahi sai da shayin ya tsaya min a wuya. Wai kashi 5 cikin 100 na kuɗin ginin gaba ɗaya. To in ginin ya ci miliyan 400 kenan miliyan 20 zan ba shi a kan takarda?? Akwai wani yaro a nan unguwarmu da ya ce zai zana min a kwamfuta cikin sati ɗaya a kan dubu ɗari uku. Ni dai na rasa wanne ne gaskiya.

Injiniya Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ba yanka ba ne, haka tsarin yake. Hanya uku suka fi bi. Wani ya ce maka kaso daga kuɗin gini kamar yadda aka yi maka, wani ya yanke kuɗi dunƙule tun farko a wuce wurin, wani kuma ya yi lissafi da faɗin ginin, kowace murabba'in mita kaza. Lura fa, kason daga kuɗin GINI ake cirewa, ba a haɗawa da kuɗin fili, don a Lekki da Ikoyi filin kaɗai yakan iya fin ginin tsada, kar wani ya yi maka wayo a nan.

Akwai tsohon jadawalin gwamnatin tarayya na 1996 da har yau ake kafa hujja da shi, ya fara da kashi 4.75 a kan miliyan biyar ɗin farko, kuɗin na ƙaruwa kason na sauka. Amma kai ma ka san miliyan biyar ta 1996 ba ta yau ba ce, yanzu ko katanga ba za ta zagaye maka a can ba. Shi ya sa kusan kowa ciniki yake yi, kuma kana da bakin cewa a rage tunda aikin babba ne.

Ni tambayar da zan so ka yi masa ita ce me ke cikin kashi biyar ɗin? In zane ne kawai ya miƙa maka ya juya baya, ya yi tsada. In kuma har da zanen aiki dalla-dalla wanda birkila da kafinta za su bi, da bin takardun izini, da zuwa wurin gini yana dubawa har a miƙa makulli, to bai cuce ka ba. Ka kuma tambaya ko kuɗin injiniyan da zai lissafa rodi da ginshiƙai yana cikin kason, da na wuta da famfo, da mai ƙididdigar kaya. Sau tari waɗannan daban ake biyansu kuma a nan rigima ke tashi.

Maman Hanifa:
Hmm Ɗan Agege, ka rabu da yaron nan na dubu ɗari uku, ni ganau ce ba jiyau ba. Haka maigidana ya yi a namu na wajen Ajah, wai yana tsimin kuɗi. Zanen ya yi kyau a waya kamar gidan fim, da aka kai neman izini aka ce sai da hatimin akitek mai rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa akitek rajista a Najeriya, shi kuwa ba shi da shi, sai da muka sake biyan wani ya gyara ya buga. Wannan ma ƙarami ne. Da aka gama sai muka ga banɗakin ɗakin Alhaji ya fuskanci alƙibla sak, matakalar bene kuma ƙunci kamar ta hasumiya, katifa ta ƙi hawa sai ta baranda aka ja ta da igiya maƙwabta na kallo. Fasawa da gyaran da muka yi ya ninka abin da muka guda. Araha dai ba ta ado.

Kuma don Allah ka zaunar da matar gidan a yi zanen da ita, ku maza falo kawai kuke gani, ba ruwanku da inda za a yi shanya ko a ajiye buhun shinkafa.

Baba Mile 12:
Ni kam ban yarda da wannan kaso-kaso ba. Mutumin da ladansa ke hawa in kuɗin gini ya hau, yaushe zai ce maka rage tayil mai tsada? Ga siminti kullum sabon farashi, kana zaune kuɗinsa na ƙaruwa bai ƙara ko layi ɗaya ba. A yanke dunƙule a rubuta. Kuma gaskiya suna kallon unguwa, zane ɗaya in ka ce Agege farashi daban, ka ce Ikoyi ko Banana Island sai a gyara zama.

Injiniya Obalende:
Baba maganarka akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa ake ɗaure kason a kan ƙiyasin da aka amince tun farko, ko a biya kashi-kashi, wani abu in an gama zanen farko, babban kaso in zanen aiki ya fito, ragowar a bi ginin da shi. Amma ba duka ba ne kallon aljihu. Ƙasar Lekki yashi ce da ruwa, wani wurin ma cike shi aka yi, kana haƙa kaɗan ruwa zai taso, dole a yi gwajin ƙasa kafin a san wane irin fandisho za a yi, wani wurin sai an kafa turaku can ƙasa. Ga hukumomin jihar Legas, LASPPPA da ke ba da izinin gini, da LASBCA da ke zuwa duba gini mataki-mataki, kuma tun da benen nan mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi a 2021 kowa ya ƙara buɗe ido. Wanda ya buga hatiminsa wuyansa ya sa.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri, Hajiya zancen katifar nan ya sa ni dariya ni kaɗai a cikin danfo. Na kira mutumin, ya ce duba gini na ciki amma sau biyu a wata, injiniyan rodi da gwajin ƙasa ba sa ciki. Na ce ya rubuto min komai a takarda in tura wa Yaya. Injiniya, sau biyu a wata ya isa kuwa, ko in nemi ya riƙa zuwa duk ranar da za a zuba dekin?