Wanda Bai Buɗe Mayik Ba Ɗan Rakiya Ne?

Gwanki: Jama'a, yau raina ya ɓaci. Mu huɗu muka shiga wasan ranki, wato na neman matsayi, a gem ɗin harbi na waya PUBG Mobile, muka kai da'irar ƙarshe inda filin wasa ya matse, saura mu da tim ɗaya. Na hango mutum ya zagayo ta bayan dutse, na yi ta ihu, "Yana hagunku! Yana hagunku!" Ashe biyu sun kashe sautin murya, na ukun kuma rubutu yake turo min. Kafin in karanta an kwashe mu. Ni dai na faɗa: duk wanda ya shiga tim bai buɗe mayik ba, ɗan rakiya ne.

Damisa: Ɗan'uwa, janye kalmar nan. Ɗan rakiya fa ka ce. Ni ban taɓa buɗe mayik ba, kuma sau nawa nake tada ku in an kayar da ku?

Gwanki: Ban kira sunanka ba.

Damisa: Ka ce "duk wanda". Ina ciki.

Shaho: Ɗan rakiya shi ne wanda ke bin bayan mutane yana tsintar kayan gawa, ya gama wasa bai harba ko harsashi ɗaya ba. Mai shiru daban, ɗan rakiya daban. Akwai masu mayik a buɗe da ba su tsinana komai sai surutu.

Kura: Gaskiya Shaho. Jiya wani ya bar nasa a buɗe, muna jin fanka, muna jin talabijin, har numfashinsa. Takun abokin gaba ma ban ji ba. Wannan ai gara ɗan rakiyar.

Damisa: To kun ga ma kun karɓi kalmar kuna amfani da ita. Abin da nake gudu ke nan.

Giwa: Duk wannan matsalar ta masu dogara da muryar cikin gem ce. Ku dawo Discord, manhajar hira da murya. Tun 2015 aka yi shi saboda 'yan wasa, akwai tsarin da sai ka danna maɓalli muryarka take fita, kuma tun 2020 suka saka Krisp mai tace hayaniya. Fankar da Kura ke kuka da ita ba za ka ji ta ba. Kana iya rage sautin mutum ɗaya ka bar sauran.

Kura: Yaya Giwa, kai a kwamfuta kake. Ka gwada buɗe Discord da gem tare a waya mai ƙaramin ram ka gani. Wayar za ta ɗau zafi, gem ya riƙa sarƙewa, data ta tafi.

Giwa: Maganar data ba ta taso ba. Tashar murya a Discord kilobit 64 take a daƙiƙa in ba ka canja ba. Yi lissafi, bai kai megabait 30 a awa ba na murya ɗaya.

Kura: Na murya ɗaya ka ce. Mu huɗu ne. Kuma zafin wayar fa? Ka tsallake shi.

Tsohon Soja: Yara, kafin a haifi Discord ɗinku muna kan manhajojin murya na TeamSpeak da Ventrilo tun farkon shekarun 2000. Har gobe TeamSpeak ya fi shi sauƙin nauyi.

Giwa: Baba, da girmanka, wa ka bari a can?

Tauraruwa: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni ina cikin waɗanda Gwanki ya zaga. Na daina buɗe mayik da baƙi ne saboda da zarar sun ji muryar mace an bar wasa. Wannan ya nemi lambata, wancan ya fara maganar banza, wani ya ce in koma in ba maza wuri. Rannan har wani ya jefo min gurneti da gangan don na ƙi amsa shi. Alamar nuni nake amfani da ita, in danna inda na ga mutum, kowa ya gani a taswira. Gem ɗin Apex Legends da ya fito a 2019 da wannan tsarin ya yi suna, mutum ya gama wasa bai ce uffan ba kuma tim ta fahimce shi. Ba don abin ya yi yawa ba, da kamfanin Activision bai saka manhajar ToxMod mai sauraron zage-zage a gem ɗin Call of Duty a 2023 ba.

Gwanki: Ƙanwata, ba da irinku nake ba. Allah ya ba ki haƙuri.

Damisa: Ita ka ba ta haƙuri, ni fa?

Shaho: Amma Tauraruwa, ToxMod ɗin nan leƙen asiri ne. Ni ban yarda na'ura ta riƙa sauraron hirata ba.

Tauraruwa: Ba a taɓa yi maka abin da ake min ba, shi ya sa.

Kura: Mu a Call of Duty Mobile ba mu da yawan wannan rashin tarbiyyar. 'Yan PUBG ne.

Gwanki: Kai Kura, kar ka fara. Ku da kuka zo a 2019 kuka tarar da mu? A wajenku aka fi ashar.

Kura: Kawo hujja.

Gwanki: Kowa ya sani.

Damisa: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Giwa: A matsayina na admin zan rufe nan. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda muryar cikin gem ce tushen rigimar, kuma Discord ne mafita. Gwanki yana da gaskiya cewa magana ta fi rubutu sauri a lokacin artabu. Ƙorafin Kura na waya ne, ba na manhaja ba. Tauraruwa, a tasharmu sai wanda muka sani zai shiga, babu mai damun ki. Daga daren yau duk wasan ranki a can za mu haɗu, ƙarfe tara.

Damisa: Ni ba zan zo ba sai ya janye.