Zaɓen jihar zama ga sojan Amurka: abin da masana suka tsaya a kai

Kuskuren da aka fi nanatawa a kan wannan batu shi ne haɗa jihar da mutum ya shiga soja daga cikinta da jihar zamansa a doka. Ta farko tana nan a fayil, da wuya a taɓa ta. Ta biyu kuwa ita ke karɓar harajin albashinka, kuma a can kake zaɓe.

Dokar kare sojoji ta 2003 ta ce canjin sansani bai sauya maka jiha. Shi ya sa wanda aka kai Teksas ko Filorida, inda ba a cire harajin albashi na jiha, yakan mayar da zamansa can, don ya riƙe jihar ko an sake masa sansani. Amma sai ƙafarka ta taka jihar, kana zaune a cikinta da niyyar ta zama gida. Jin labarinta daga nesa bai wadatar ba.

Fom ɗin DD 2058 da ake miƙa wa ofishin kuɗi aikinsa kawai ya sauya inda ake cire haraji. Hujjar cewa ka mayar da zamanka can tana wajen rajistar zaɓe, lasisin tuƙi, lambar mota da wasiyya. In lasisi na wannan jiha, zaɓe na waccan, tsohuwar jihar na iya biyo ka da bashin haraji har da tara. Bayan miƙa fom, duba takardar albashin wata mai zuwa ka tabbatar an gyara.

Kuɗin hayar da kake karɓa daga gidanka, jihar da gidan yake ce ke cire harajinta. Matar soja ko mijin soja mace, tun 2018 suna iya bin jihar sojan ko ba su taɓa zama can ba. Lauyan sansani yana duba takardun kyauta kafin a sa hannu.