Corolla ta 2012 za ta iya jan ƙaramar tirelar kwana?

Mai tambaya, Minneapolis:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar mota. Ni da maiɗakina ne da yara biyu. In zafi ya shigo muna son bin hanya ta 61, mu wuce Duluth mu bi gaɓar tafkin Superior, amma kuɗin otal a lokacin ba a magana. Tanti kuma maman yara ta ce ita da shi har abada, tun da ruwa ya taɓa yi mana dukan tsiya cikin dare. Shi ne na fara tunanin ƙaramar tirelar nan ta tafi-da-gidanka. Motata Corolla ce ta 2012, otomatik, kuma ba ni da halin canja ta yanzu. Na ga wata tirela ƙirar Scamp ta hannu mai tsawon ƙafa 13, mai ita ya ce nauyinta laba 1,300 ne, littafin motata kuma ya ce za ta ja 1,500. A lissafina akwai rarar 200. In saya? Burina wata rana mu kai har gandun shaƙatawa na Yellowstone.

Bakanike, Columbus:
Wa alaikumus salam. Malam, rarar nan ta 200 a takarda kawai take. Nauyin da masu sayarwa ke faɗa na tirela ce wayam, ba komai a cikinta. Tukunyar gas in ta cika laba 37 ce, batir ya kusa 50, galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, ka zuba galan 10 ka ƙara 83. Ka ga mun kai 170, ba a sa shinkafa ba, ba tukwane, ba barguna, ba kekunan yara.

Amma ni abin da ya fi damuna wani ne daban. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ka ga takarda manne da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. A ƙananan motoci irin taka yawanci tsakanin laba 800 ne da 900. Tirela kuma ba ja kawai ake yi ba, wuyanta yana danne bayan mota, kuma ƙa'ida kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ne zai sauka a kan ƙugiya. Wato laba 150 zuwa 225, duk daga cikin wancan lissafin za a cire. Ƙugiyar da ke shiga Corolla ƙaramar ce, iyakarta 200. Ka haɗa da ku huɗu da kayan but, za ka ga bayan motar ya durƙusa, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Giyarka mai hawa huɗu ce, a kan tudu za ta yi ta zafi. Ni dai ba na ba ka shawarar wannan haɗin.

Ga masu karantawa: wanda tasa Corolla daga 2014 zuwa sama ce, littafinta na Amurka cewa ya yi kada ma a ja tirela da ita.

Mazaunin Jamus:
Ni abin nan na ba ni mamaki. A nan za ka ga Golf tana jan tirelar da ta haura kilo 1,000 ba wanda ya ɗaga kai. Laba 1,500 ai kilo 680 ne kacal. Anya ba tsoron shari'a ne kawai ke sa kamfanoni rage lamba a can ba?

Direban babbar mota:
Yallabai, akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Ku a Jamus mai jan tirela kilomita 80 yake yi a awa, sai mai izini na musamman ya yi 100. Tirelolinku suna zuwa da birkinsu da ke kamawa da kansa in mota ta rage gudu, kuma wuyansu bai cika danne mota ba. Mu nan a babbar hanyar I-90 ta South Dakota iyakar gudu mil 80 ce. Kana tafiya da 55, ni in zo in wuce ka da dogon kaya, iskata kaɗai sai ta sa wutsiyar tirelarka ta fara rawa.

Ƙanena mai tambaya, kada ka yarda da lambar baki. A gidajen mai na manyan motoci akwai sikelin auna mota na kamfanin CAT, da 'yan daloli za a auna maka. Ka ce wa mai ita ku je tare. In ya fara kame-kame, ka san amsa.

Wani matashi, Atlanta:
Yaya, me zai hana ka duba 'yar ƙaramar nan mai siffar ɗigon hawaye? Akwai waɗanda ba su kai laba 1,000 ba, gado a ciki, kicin a baya ka ɗaga murfi. Ba ta da tsayi, iska ba ta dukanta sosai, mai ma ba za ka sha da yawa ba.

Uwargida, St. Paul:
Ɗana, da ganin wannan shawarar ba ka yi aure ba tukuna. Na taɓa leƙa irinta. Katifa ce kawai aka yi wa rufi, mutum biyu, da rarrafe ake shiga. Ina za a sa yara biyu? A ina mace za ta miƙe ta canja kaya? Asuba ta yi ana ruwa, a ina za a tsaya a yi salla? Girki kuma a waje, sauron Minnesota na cin ƙafarka kana juya miya.

Malam, ka tambayi maman yara abin da ta tsana a tanti. In kwanan ƙasa ne da jiƙewa, tirela mai naɗewa za ta wadatar, wadda ake ɗaga rufinta gadaje su fito gefe da gefe. Ƙananansu na ɗaukar mutum huɗu, kuma ana tsayuwa a ciki. In kuwa bangon kyalle ne ba ta so gaba ɗaya, to kada ka ɓata kuɗinka.

Bakanike, Columbus:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ko mai naɗewar a duba nauyi, da yawansu sun fi ƙarfin Corolla in an loda su. SylvanSport GO da ake yi a North Carolina wajen laba 840 take, mota za ta ji daɗinta, amma fa tanti ne a kan taya, kuma da tsada. Kowacce ka samu ta hannu, ka taka ko'ina a daɓenta, musamman kusurwoyi da bakin ƙofa. Inda ya lotsa, ruwa ya shiga katako ya ruɓe. Ka shinshina kyallen ko akwai warin rima. Tayoyi kuma kada zanensu ya ruɗe ka, lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu sati ne da shekarar da aka yi su. Tayar tirela tsufa ke kashe ta, ba tafiya ba.

Direban babbar mota:
Batun Yellowstone kuma, sansanin Fishing Bridge ba a karɓar mai bangon kyalle saboda beyar daji. Sauran wuraren akwai inda ake karɓa. Amma hawan duwatsun Wyoming da Corolla da tirela da mutum huɗu, ka bar wannan sai ka canja mota. Subaru Outback tana jan laba 2,700, a nan Scamp ɗinka za ta zauna daram. Su Scamp ɗin a garin Backus ma ake ƙera su, nan jiharku ta Minnesota, ba za su ƙare ba.

Uwargida, St. Paul:
Na manta ban faɗa ba. Gandun shaƙatawa na jiha da yawa suna da ƙananan ɗakunan katako na haya, da gadaje masu hawa biyu, kai dai ka zo da shimfiɗarka. Sai dai a kama da wuri, na gaɓar tafki ba sa daɗewa.

Mai tambaya, Minneapolis:
Allah ya saka da alheri. Na sauka na duba takardar ƙofa, na haɗa nauyinmu da na kayan da muka saba ɗauka, abin da ya rage bai kai na wuyan Scamp ɗin ba. Na kuma tambayi maman yara kamar yadda Hajiya ta ce, ta ce ita ƙofa take so mai makulli. Bana ɗakin katakon za mu nema. Wanda ya san wanda ya fi kusa da ruwa tsakanin Duluth da Grand Marais, don Allah ya faɗa min kafin a cinye ranakun Yuli.