Shan ruwa a gida ko a gidan abinci, wanne ya fi?

Ummu Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da ibada. Gida ne mai mutum 6, manya 4 da yara 2, kuma ɗaya daga cikin manyan yana da ciwon suga. Ana so a riƙa hutar da mai girki ko sau ɗaya ne a mako. Shin zuwa gidan abinci a sha ruwa yana da wata illa ta fuskar addini ko lafiya? In kuwa gida ya fi, yaya za a tsara aikin don kada magariba ta riski mutum a bakin murhu?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shari'a ba ta ware wa buɗa-baki wuri ba, lokacinsa ta kula da shi. Hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna mutane ba za su gushe cikin alheri ba matuƙar suna gaggauta buɗa-baki. Anas kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan buɗe baki kafin sallah da ɗanyen dabino, in babu sai busasshe, in shi ma babu sai ya kurɓi ruwa. Kin ga ashe shan ruwa daban, cin abinci daban. Wanda ya raba biyun nan ya huta, a gida yake ko a waje. Kuskuren da ake yi a gidan abinci shi ne a zauna ana jiran faranti alhali rana ta faɗi tun ɗazu. Ku tafi da dabinonku da gorar ruwa a jaka, har don cunkoson hanya.

Sai sallah. Lokacin magariba gajere ne, a mazhabar Malikiyya ma an fi ƙuntata shi. Kafin a kama tebur a tambaya: akwai wurin alwala? Akwai inda mata za su yi sallah? In babu, akwai masallaci kusa? Wurin da zai sa a haɗa magariba da lisha saboda layin abinci bai cancanci kuɗinku ba.

A kula kuma da kiran sallar talabijin ɗin da ke rataye a bango, sau da yawa na wani gari ne. Faɗuwar rana a inda mutum yake ita ce abin lura. Shi ya sa malaman Dubai suka ce mazauna saman dogon benen Burj Khalifa su ƙara minti 2 zuwa 3 a kan na ƙasa, don su suna ci gaba da ganin rana.

Tsohon Kuku:
Malam ya gama da nasa ɓangaren, ga na kicin. A ranakun da ba na azumi ba, masu cin abinci a warwatse suke zuwa. A azumi kuwa kowa minti ɗaya yake son nasa, murhun kuma bai ƙaru ba. Dole a dafa tun da la'asar a ajiye, kuma a wurin ajiyar nan ake samun ɓaraka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 ko ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Tsakanin 5 da 60 ɗin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.

Shinkafa ta fi komai yaudara. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta; in shinkafa ta huce ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya lalata ta. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan awanni, daidai lokacin asham ko kafin sahur, mutum ya yi ta zargin ruwan sanyi.

A wuraren ɗebi-da-kanka, inda ake jera abinci kowa ya zuba wa kansa, ɗaga murfin ki gani. In tururi bai bugi fuskarki ba, wuce. Leƙa ƙasan mazubin ko wutar tana ci. In kin ga ana juye sabon abinci a kan ragowar tsohon maimakon a sauya mazubin gaba ɗaya, ko cokali ɗaya yana yawo daga nama zuwa ganye, wannan alama ce. Soyayyen abin da ya yi duhu a waje, ya jiƙe da mai, yana ɗan ɗaci, man da aka yi ta maimaitawa ne. Ni a ganina ɗebi-da-kanka asara ce ga mai azumi: kuɗin kai guda ake biya, cikin kuwa faranti ɗaya ya ishe shi, sai mutum ya dinga ɗurawa don kada kuɗinsa ya tafi a banza. Gara a zaɓi abinci tun da rana ta waya, a faɗi adadin mutane, a isa minti 30 kafin kira.

A gida kuma rabon aiki ne maganin. Abin da ya shafi yanka, jajjage da tafasa nama a yi shi da daddare ko bayan sahur, a sa a firji. Miya a dafa ta kwana 3 a raba a ƙananan robobi marasa zurfi, don babbar tukunya ba ta saurin hucewa a tsakiya. Shinkafa ta hau wuta saura minti 45 a kira sallah, suya ita ce ta ƙarshe, saura minti 20, kaɗan-kaɗan a mai mai zafi sosai. In aka cika kasko zafin ya sauka, abin ya sha mai. Awo: ɗanyar shinkafa giram 70 ga babba, rabin haka ga yaro, nama giram 100 zuwa 120. Gidanki bai fi giram 350 na shinkafa ba. Mai yunwa in ya auna da ido sai ya ninka, shi ya sa ake kwana da tulin saura. Kala biyu ya isa.

'Yar Jinya:
Yaya, maganar mai ciwon sugan ce ta tsayar da ni. Masu allurar insulin, da masu shan irin ƙwayar da ke sa jiki ya saki insulin, galibi likita kan mayar musu da babban kason magani zuwa lokacin shan ruwa. In ya sha maganin da kiran sallah, abinci kuma ya makara minti 40, suga na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi, jiri. Kada ya sha sai faranti na gabansa, kuma na'urar gwaji ta bi shi. Gwajin digon jini ba ya karya azumi. In ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin sukarin jini na mg/dL, ya karya azumin nan take ko da saura kaɗan rana ta faɗi.

A gida ana iya auna masa komai, a waje kuwa ba a san yawan sukarin da ke cikin abin sha ba. Dabino 1 ko 2 da ruwa zalla, sai romo. Ga kowa ma, tazarar sallar magariba tana da amfani, don jiki kan ɗauki kusan minti 20 kafin ya ji ƙoshi. Ruwa kofi 8 a rarraba shi zuwa sahur, kada a kwankwaɗe lita guda a zama ɗaya, kumburi da ƙwannafi ne sakamakon.

Ummu Yara:
Allah Ya saka da alheri. To in aka yi oda aka kawo gida fa?

Tsohon Kuku:
Wannan ya fi mini, Hajiya. Sai dai kada ki ce a kawo da magariba, lokacin kowa ke kira. Ya iso saura awa 1, ki juye a tukunya ki sake tafasa shi har tsakiyarsa ta yi tururi, sannan ki zuba a kula. Soyayyen abu kada ki rufe shi a leda, gumi zai sa ya yi laushi. Ki baza shi a faranti, ki mayar da shi kasko minti 2 kafin kira.