Wata 19 ban sa rilaksa ba, yanzu na gaji: in koma ko in ƙara haƙuri?

A ɓoye sunana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan. Shawara nake nema a kan gashina, kuma kar a yi min faɗa, kaina ya riga ya ɗau zafi.

Tun ina 'yar shekara 13 ake sa min rilaksa, wato man miƙar da gashi. Yayata ce ta fara sa min, ta ce in daure, sai ya ci ni sosai sannan zai kama. Da wannan tunanin na taso, in ban ji raɗaɗi ba gani nake bai yi ba. Shekara 16 ina haka. Na ƙarshen da aka sa min, mai gyaran ta shafa ta tafi amsa waya, ina kiranta tana ɗaga min hannu wai saura kaɗan. Washegari na tashi gashin ƙeyata ya manne da fata, wurin yana fitar da ruwa. Sai da ya yi ɓawo, ya kai sati uku kafin ya warke. Har yau akwai ɗan fili kamar girman farcen babban yatsa da gashi bai cika fitowa ba. Tun ranar na ce na daina. Ban aske ba, na dai bar shi yana tofowa, daga wannan kitso sai wancan.

Yau wata 19. Ya cika, ma sha Allah, ban taɓa sanin ina da gashi haka ba. Amma ranar wanke kai sai na ba shi yini guda. Tajewa kaɗai awa biyu, kafaɗa ta yi tsami, mataji biyu na karya. In ya jiƙe ya bushe sai ya tsuke, kamar ban tara komai ba. Kwanan nan kuma zuba yake yi, in na gama tajewa abin da na tattara yana cika tafin hannuna.

Na riga na sayi rilaksa na kwali, wanda aka rubuta no-lye a jiki, mai 'yar kwalbar ruwa da ake zubawa a juya. Ƙawata za ta sa min ranar Asabar. Minti nawa zan bar shi tunda gashin ya yi tauri? Kuma zai lalace ne?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Wata 19 fa kika ce? Kin sha wuyar kin gama, sai yanzu? Ina jin a bushe kike tajewa. Ki raba shi gida shida, ki fesa ruwa, ki cika kwandishana, ki fara warwarewa da yatsa daga baki zuwa tushe, sannan mataji mai manyan haƙora. Nawa minti 40 na gama.

Anti Mai Salun:
Ƙanwata, ajiye kwalin nan tukuna ki amsa min. Kin ce ba ki aske ba. To tsohon mai rilaksar yana nan a baki, ko kin yanke? Kin sa kala? Yaushe kika tsefe kitson ƙarshe?

Shekara 14 ina wannan aikin, bari in gaya miki abin da ke kanki. Gashi yana fitowa wajen santimita 1 a wata, kin ga kina da sabon tofi kusan santimita 19 wanda bai taɓa ganin mai ba. In tsohon yana nan, gashi biyu ne a sili ɗaya, kuma daidai mahaɗarsu ya fi ko'ina rauni, a nan yake tsinkewa. Rilaksa ba laushi yake sawa kamar kwandishana ba. Shiga yake cikin silin ya karya ƙullin da ke riƙe da murɗewar gashin, wanda ya karye kuwa ba ya komawa. Wurin da aka taɓa sa wa, in aka maimaita, cinye shi yake yi.

Kuma sa wa gashin da ya daɗe bai gani ba daban yake da taɓa tushe, wato sa wa sabon tofi kaɗai, da ake yi bayan sati 8 zuwa 12. Ba daga fata ake farawa ba. Ana barin kamar santimita 1 daga fatar kai, a shafa tsakiya, tushen ya zo daga baya, don ɗumin kai yana sa na tushe ya kama da wuri. Duk wannan a cikin mintin da aka rubuta a takardar kwalin, galibi ba ya wuce 15 zuwa 20, tun daga shafar farko ake ƙirga. Ƙawarki za ta iya gama cikakken kai a wannan lokacin? Ba za ta iya ba. Ki je wurin wadda ta iya.

A ɓoye sunana:
Anti, tsohon yana nan kamar tsawon yatsa, ba zan iya yankewa ba gaskiya, shi ne ke sa in na ɗaure da ribom ya yi kyau. Kala na sa ruwan ƙasa wata biyu da suka wuce, amma a gaba ne kawai, kaɗan ne. Kitson jiya na tsefe. Ƙawar tawa kuma ta iya, ita take sa wa ƙannenta. Salun ne fa suka ƙona ni, ba a gida ba.

Anti Mai Salun:
Innalillahi. Kala mai haska gashi, ga tsohon baki, ga tsifar jiya, kuma duk ba ki faɗa ba sai da na tambaya. Gashi uku ke nan a kanki. Kalar da ke mayar da baƙin gashi ruwan ƙasa sai ta ci launin silin kafin ta zauna, ta riga ta raunana shi. Ki ɗora rilaksa a kai ki ga gaban goshin ya biyo ruwan wanki. Na gani da idona, yana miƙewa kamar roba a hannu ya tsinke. Kuma wanda ya tsefe jiya fatar kansa duk ƙananan ciwuka ce da ba ya gani, musamman in kin yi susa. Sati ɗaya zuwa biyu ake bari.

Waccan da ta ƙona ki ba ta iya ba ne. Kar ki yi wa duk masu sana'a kuɗin goro.

Gashina Jarina:
Ni mamaki nake yadda ake ta lissafin minti, ba wanda ya yi maganar lafiya. A watan Oktoba 2022 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun fitar da bincike a kan mata sama da 33,000 da aka bi kusan shekara 11. Waɗanda ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari aka ƙiyasta za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70. Masu sawa fiye da sau huɗu a shekara, kashi 4.05. Ya ninka har da ɗori. Tun 2012 ma wani binciken a kan mata baƙaƙen fata na can ya ga alaƙa tsakaninsa da ƙarin mahaifa, wato faibroid. Ni an yi min aikin faibroid shekara uku da suka wuce, na san abin da na sha. Jini wata da watanni, har tsayuwa sai na dafa bango. Tun daga nan ko warinsa ba na son ji. Ki zubar da kwalin nan 'yar uwa.

Anti Mai Salun:
Allah ya ƙara lafiya, amma a daina tsorata mutane. Ni kaina shekara 25 ina sawa, lafiyata ƙalau.

Nas Ɗin Gida:
Anti, lafiyar mutum ɗaya ba ta ƙaryata ƙidayar mutum 33,000. Alƙaluman da ta kawo haka suke. Sai dai binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar cewa man ne ya jawo ba, kuma ba su tattara sunayen mayukan ko abin da ke ciki ba. Abin da masu binciken suka yi nuni da shi shi ne ƙuna da ciwon fatar kai na iya sauƙaƙa wa sinadaran shiga jiki, wannan kuwa ya shafi mai tambaya tunda ta saba bari sai ya ci ta.

Ni zubar ce ta tsaya min a rai. 'Yar uwa, kin haihu kwanan nan? Ko kin yi doguwar jinya? Sannan ki ɗauki silin da ya fita ki duba a haske. In dogo ne, da ɗan farin ɗigo a gindinsa, daga tushe ya zubo. In gutsattsari ne ba ɗigo, karyewa yake yi.

A ɓoye sunana:
Eh, jaririna wata huɗu. Ban ga ya shafi maganar ba shi ya sa ban faɗa ba. Na duba, akwai dogaye masu ɗigon, akwai gajeru ma. Amma gaskiya shi ne ma dalilin. Ga goyo, ga aiki zan koma, ina zan samu yini guda na wanke kai? Ranar nan ina tsakiyar tajewa ya tashi, haka na kwana da rabin kai a cunkushe.

Nas Ɗin Gida:
To ya shafa sosai. Zubar gashi bayan haihuwa tana farawa ne wajen wata biyu zuwa huɗu, saboda sauyin sinadaran jiki. Gashin da ya ƙi zuba lokacin ciki ne yake fita lokaci guda. Yawanci da kanta take tsayawa kafin yaro ya shekara. Rilaksa ba zai tsayar da ita ba, kuma in gashi ya kwanta, raguwar za ta fi fitowa fili, musamman a gefen goshi. Ni dai da za ki ji tawa, ki jira wata shida. Wancan filin na ƙeya kuma ki nuna wa likitan fata, tabon ƙuna in ya kashe tushe gashi ba ya dawowa.

Uwar Hanan:
Ni wannan magana ta tayar min da tsohon ciwo. Na kai 'yata mai shekara 7 hutu wurin 'yar uwar babanta, aka dawo min da ita an sa mata rilaksa, wai gashinta yana ba su wahala. Ko a kira ni a tambaya. Da na yi magana aka ce na cika fitina, gyara aka yi min. Wata biyu gefen kunnenta ya zama fili. Babanta kuma ya ce gashi ne, zai fito. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Biyu:
Subhanallahi, shekara 7? Da ni ce da an ji mu.

Auta:
Ni ina bayanki, kanki ne. Shekara uku na yi da nacural, wato ban sa rilaksa ba, na koma, ban yi nadama ba ko ta minti ɗaya. Masu cewa minti 40 ba irin gashinmu gare su ba. Abin da na yi, na zuba man zaitun cokali biyu a ciki na bar shi minti 8 kacal. Bai miƙe sumul ba, ya dai saki, mataji yana wucewa, cikar tana nan. Kuma no-lye ɗin da kika saya ya fi sauƙi a fata, kin yi daidai.

Anti Mai Salun:
Auta, ke kika ci sa'a. Mai zuba mai da ido ba ta san ƙarfin abin da ta haɗa ba, shi ya sa ake fitowa da gefe ɗaya a miƙe, gefe ɗaya a murɗe, a dawo mana mu gyara. Maganar no-lye kuma, sunan ne ke ruɗar ku. Wanda ake kira lye sodiyam haidiroksaid ne. Na kwalin kalsiyam haidiroksaid ne, ruwan kwalbar nan guwanidin ne, in an haɗa su duk aiki ɗaya suke yi, kuma shi ma yana ƙuna. Ya ɗan fi sauƙi a fata, gaskiya ne, amma yana barin kalsiyam a jikin gashi ya busar da shi ƙayau. In an haɗa kuma ba a ajiye ragowar.

Ƙanwata, tunda na ga kin ƙudura: ki yanke tsohon bakin. Ki bar kalar ta fita. Kar ki wanke kai ko ki yi susa kwana uku zuwa sati kafin ranar. A shafe fatar kai da kunne da ƙeya da basilin. A gwada a 'yan silika na baya tukuna. Bayan an ɗauraye, a wanke da shamfun da ke cikin kwalin, shi ke kashe ƙarfin man. Wasu kumfarsu tana yin ruwan hoda in da saura, sai ta koma fara tas ake dainawa, ko sau biyar ne. Da kin ji zafi a wanke, kar ki daure.

Auta:
Anti kullum ke ce mai gaskiya. Shekara biyu ke nan, gashina yana nan har kafaɗa.

Gashina Jarina:
Ana ta koya mata yadda za ta sa. Allah ya kyauta. Ni na faɗi tawa.

A ɓoye sunana:
Na gode duka, Allah ya saka. Amma yanke bakin nan ba zan iya ba, sai dai a shafe shi da mai a kare shi, na ga ana yi. Kalar ma ai 'yar kaɗan ce, za a iya tsallake wurin. Wata shida kuma ya yi min nisa, Nas, ba ki ga yadda nake fita ba ne. Na Auta ya fi kwanta min. Ƙawata ta ce Asabar ba ta nan, sai Lahadi ta sama, kun ga ma an samu kwana goma. Amma kaina yana ƙaiƙayi tun da na tsefe, in na wanke ana jibi babu matsala ko?

Anti Mai Salun:
Na ce kwana uku zuwa sati. Ki koma sama ki karanta.

Maman Biyu:
Ki gwada rabawa gida shidan nan ko sau ɗaya kafin Lahadin mana.

Sabuwar Zuwa:
Salam, don Allah ni ma wata 7 ke nan da dainawa, tsakiyar kaina ne yake tsinkewa, gefen lafiya lau. Me zan shafa?